Me ya sa salsalar Bature take tsayawa a ƙofar coci?

Sagir: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce ke tafe da ni ga masana tarihin cikinmu. Na lura Turawa da yawa kan jero kakanninsu ɗaya bayan ɗaya har shekara ɗari huɗu, da sunan ƙauye da ranar haihuwa da ranar aure. Wasu ma cewa suke su jinin Sharlaman ne, sarkin nan da ya mutu a 814. Mu kuwa yawancinmu da mun wuce kakan kaka sai kame-kame. Gaskiya ne abin nan ko ƙari ake yi? In gaskiya ne, wa ya rubuta musu, kuma don me?

Malam Habibu: Wa'alaikumus salam. Malam Sagir, tambayarka biyu ce a haɗe, gara a raba su. Ta shekara ɗari huɗu gaskiya ce, kuma coci ne ya rubuta. A Ingila, a 1538, Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ya ba da umarni kowane limamin coci ya ajiye kundi ya riƙa shigar da duk baftisma da aure da jana'izar da aka yi a cocinsa. A 1539 Sarki François na 1 ya kafa makamanciyar dokar a Faransa. Sai babban taron limaman Katolika na Trent ya wajabta kundin aure da na baftisma a 1563. Shi ya sa talakan Turai, komai nacinsa wajen bincike, da ya isa ƙarni na 16 sai sawu ya ɓace masa. Da yawa ma ba sa kaiwa can, don ɓera da laima da gobara da yaƙi sun cinye kundayen farko.

Ta Sharlaman kuwa lissafi ne. Iyayenka biyu, kakanninka huɗu, na bayansu takwas, haka abin yake ninkawa. Daga 814 zuwa yau kusan hawa 40 ne in an ba kowane hawa shekara 30. Ninka biyu sau 40 ya haura tiriliyan ɗaya, adadin da duniya ba ta taɓa ɗauka ba. Ke nan mutum guda yana fitowa a salsalarka ta hanyoyi dubbai. Sharlaman ya haifi 'ya'ya aƙalla 18 kuma zuri'arsa ba ta yanke ba, don haka kusan duk Bature jininsa ne. Haka kuma jinin bawan da ya riƙe masa linzami ne, muddin shi ma zuri'arsa ta ɗore. Sunan sarki aka rubuta, na bawa ba a rubuta ba.

Nafisa: Malam, a nan ban gamsu ba. Ai masu sarauta junansu suke aure. Ta ina jinin sarki zai gangaro gidan manomi?

Malam Habibu: Ta 'yan ƙanne da 'ya'ya mata da 'ya'yan ƙwarƙwara, 'yar'uwa. Ɗa ɗaya ne ke hawa gadon sarauta. Ƙaninsa ya zama hakimi, jikan ƙanin ya zama mai 'yar gona da doki ɗaya, tattaɓa-kunnensa ya aurar da 'yarsa ga attajirin ƙauye. Cikin hawa goma an gama saukowa. Kuma an gwada wannan da ƙwayoyin halitta: a 2013 Peter Ralph da Graham Coop sun bincika na Turawa sama da 2,000, suka tarar ko mutanen da ke gefe da gefen nahiyar sun haɗa kakanni masu ɗimbin yawa in an koma shekara dubu. Abin da yake da wuya shi ne kawo takarda a kowane hawa. Mai iya hakan sai wanda ya dace da wani kaka daga gidan sarauta a cikin ƙarnukan da ake da kundi, daga nan ya hau salsalar da fada ta riga ta rubuta.

Zainabu: Barkanku da hira. Ni 'yar Damagaram ce, ina karatu a Faransa, kuma tsohuwar da nake haya a gidanta wannan bincike shi ne abin da ta sa gaba. Kusan kowace jiha a nan ta ɗora hotunan kundayen a intanet kyauta. Idonta ya yi rauni, sai in zauna kusa da ita in ƙara wa hoton girma muna karantawa tare. Bari in faɗa muku yadda abin yake.

Tawadar ta koma ruwan ƙasa, rubutun a kwance, wani wurin na bayan shafi ya huda ya fito. Kowace shigarwa layi huɗu ko biyar ce. Limami zai sa kwanan wata, ya ce ya yi wa Marie baftisma, 'yar wane manomi da matarsa ta aure wance, an haife ta jiya. Sai sunan uban baftisma da uwar baftisma, sannan ya rufe da cewa sun bayyana ba su iya sa hannu ba. Wannan jimlar ta ƙarshe kusan kowane shafi tana nan. Ka juya shafi biyu sai ka ga an binne Marie tana da kwana goma sha ɗaya. Baɗi iyayen nan sun sake haihuwar mace, sun sake sa mata Marie. Nan ne masu bincike suke ruɗewa, su ɗauki wadda ta mutu a matsayin kakarsu. Wani wurin za a rubuta ungozoma ce ta zuba wa jariri ruwan baftisma a gida don an ga ba zai kai coci ba. Wani wurin a gurbin uba a rubuta ba a san shi ba. A kundin 1709 kuwa, shekarar da aka yi wani mugun sanyi, limamai da yawa sun yi rubutu a gefen shafi suna ba da labarin yadda alkama ta mutu a ƙasa, jana'iza ta fi baftisma yawa.

Sagir: Allahu akbar. To ai kuwa sun yi wa jikokinsu gata. Da namu malaman sun yi haka da ba mu zauna muna lalube ba.

Malam Habibu: Jikoki sun amfana, amma ba don su aka rubuta ba, kuma wannan shi ne abin da nake so a riƙe. Dokar Faransa ta 1539 ta faɗi dalilinta: a iya tabbatar da shekarun mutum, a san ya kai girma ko bai kai ba. Taron Trent auren ɓoye yake yaƙa, wanda saurayi da budurwa kan ƙulla ba shaida, daga baya ɗaya ya musanta. A Ingila da aka kawo dokar Cromwell, jita-jita ta bazu cewa haraji za a ɗora wa baftisma. A Suwidin bayan dokar coci ta 1686, limami kan bi gidaje yana jarraba mutane karatu da sanin addini, yana rubuta sakamakon kowa a gaban sunansa. Kundin nan na tantance ɗan gari ne: wane ne namu, wane ne halattacce, wa zai ci gado, wa zai auri wa. Duk wanda yake wajen cocin da ke mulki, to yana wajen kundin.

Ustaz Nura: Ina so in ja hankalin Sagir, kada mu ɗauka Turawa ne suka fara wannan ilimi. Sanin nasaba fanni ne mai zaman kansa a wurin Larabawa tun kafin Musulunci. Sayyidina Umar da ya kafa diwanin rabon dukiyar baitulmali, ƙabila-ƙabila aka jera mutane, aka fara da dangin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ibnul Kalbi, wanda ya rasu wajen 819, wato zamani ɗaya da Sharlaman, ya tattara nasabar ƙabilun Larabawa a babban littafi. Ibnu Hazmi ya yi nasa a Andalus, a cikin Turai ɗin kanta, ya rasu a 1064. Abin da ba mu yi ba shi ne rajistar kowane jariri a masallacin unguwa, saboda raɗin suna da ɗaurin aure a wurinmu shaidu suke buƙata, ba kundi ba.

Malam Habibu: Haka ne, Allah ya gafarta Malam. Kuma kafin kundin coci Turawan ma da ka suke riƙe salsala, ta sarakai kawai ake kula da ita. Nan ne hannun addini ya fi fitowa fili. Sarakunan Ingila na farko cewa suke daga Woden suka fito, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. Bede, ɗan zuhudun da ya gama tarihin cocin Ingila a 731, shi da kansa ya ambaci haka. Da Kiristanci ya zauna da gindinsa ba a goge Woden ba. Mayar da shi aka yi mutum, aka ƙara masa kakanni a sama. A tarihin da aka rubuta a zamanin Sarki Alfred, salsalar mahaifinsa Æthelwulf ta bi ta kan Woden ta wuce zuwa wani kaka da aka ce a cikin jirgin Annabi Nuhu aka haife shi, daga nan har Annabi Adamu. Mutanen Sharlaman, wato Farank, tun ƙarni na 7 aka rubuta musu cewa daga birnin Troy suka yi hijira, don su haɗa asali da Rumawa. Gidan Sharlaman kuma ya riƙe Arnulf, bishop ɗin Metz da ake ɗauka waliyyi, a matsayin kakansu.

Akwai wani labari da 'yan zuhudu suka rubuta kan Radbod, sarkin Firisiyawa a arewacin Holan ta yau, wanda ya mutu a 719. An ce ya sa ƙafa ɗaya a ruwan baftisma, sai ya tambayi mai wa'azin ina kakanninsa suke. Aka ce masa suna wuta tunda ba su yi baftisma ba. Sai ya janye ƙafarsa ya ce ya fi son zama tare da su. Ko ya faru ko bai faru ba, wanda ya rubuta ya san abin da ke ci wa mutanen lokacin tuwo a ƙwarya: sabon addini na neman raba su da matattunsu. Sharlaman bai tsaya lallashi ba. Ya yi shekara 32 yana yaƙar Saksonawa, mutanen arewacin Jamus ta yau, daga 772 zuwa 804. Tarihin fadarsa ya ce a Verden a 782 an sare kan mutum 4,500. Dokar da ya kafa musu ta yanke kisa ga wanda ya ƙi baftisma da wanda ya ƙona gawa bisa al'adarsu, ta kuma ce a daina binne mutane a tuddan kakanni, a kai su maƙabartar coci. Daga ranar aka raba kabarin ɗa da na ubansa.

Istifanus: Malam Habibu, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, kuma a matsayina na Kirista abin Verden yana ba ni baƙin ciki. Amma in aka tsaya nan, mai karatu zai ɗauka da takobi kaɗai Turai ta karɓi bishara. Ailan ba rundunar da ta shiga. Clovis, sarkin Farank, matarsa Clotilde ce ta yi ta fama da shi har ya yi baftisma a Reims wajen shekarar 500. Æthelberht sarkin Kent a Ingila, wanda ya karɓi mai wa'azi Augustine a 597, matarsa Bertha Kirista ce tun daga gidansu. A Aisilan wajen shekarar 1000 majalisarsu ta kusa rabewa biyu, aka ba Thorgeir, wanda shi kansa mai tsohon addini ne, ya yanke hukunci. Ya lulluɓe da bargo yini da kwana, ya tashi ya ce doka ɗaya addini ɗaya, kowa ya yi baftisma, amma mai son yin yankansa a ɓoye ya yi. Kuma a fadar Sharlaman ɗin ma, malaminsa Alcuin ya rubuta wasiƙu a 796 yana sukar baftismar dole da gaggawar karɓar zakkar coci daga sababbin tuba.

Sannan batun matattu, coci bai ce a manta da su ba. A gidan zuhudu na Reichenau an buɗe wani kundi wajen 824 na sunayen rayayyu da matattu da za a riƙa yi wa addu'a, sunayen da ke ciki sun haura 30,000. Masu tarihi da irin waɗannan kundaye suke gano dangantakar gidajen wancan zamani.

Malam Habibu: Na karɓi wannan, Yaya Istifanus, da ƙari ɗaya. Inda ba takobi, sau da yawa akwai lissafin sarauta. Mieszko na Folan ya yi baftisma a 966, Vladimir na Kiev a 988 da ya auri 'yar'uwar sarkin Rum ta gabas, Jogaila na Lituweniya a 1386 da ya yi baftisma ya auri sarauniyar Folan ya zama sarkinta. Sarki ya tuba, talakawa su bi, imanin zuci ya zo daga baya a hankali. Kuma gyaran salsala bayan sabon addini ba Turawa kaɗai suka yi ba. Sefawan Kanem da Borno, bayan Musulunci ya kafu, sun danganta kansu da Saifu bin Zi Yazan na Yaman. Labarin Bayajida ya ɗauko shi daga Bagadaza.

Baba Garba: Habibu, dakata. Kana nufin tarihin Daura ƙirƙira ce? Rijiyar Kusugu tana nan, mun sha ruwanta. Kakanninmu ba maƙaryata ba ne, kuma ba sai Bature ya buga hatimi ba sannan maganarsu ta zama gaskiya.

Malam Habibu: Baba, ku yi haƙuri, ban ce ƙarya ba ce, kuma ba zan faɗa ba. Abin da nake cewa, salsalar sarauta ko a ina take tana da aikin da take yi: tana faɗa wa jama'a daga ina wannan gida ya samo haƙƙin mulki. In abin da jama'a ke girmamawa ya sauya, bakin salsalar na sama yakan karkata can. Hawan kusa kuwa, sunayen sarakunan da aka sani da jerinsu, galibi yana da ƙarfi, ko da ka aka riƙe shi. Na ma fi yarda da marokin fada a kan sarakai goma na ƙarshe fiye da ɗan zuhudun da ya sa kakan Alfred a jirgin Annabi Nuhu, duk da shi a rubuce nasa yake.

Baba Garba: To, wannan magana ce. Amma a riƙa tauna ta kafin a furta.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya tsaya mini shi ne inda Malam ya ce wa zai auri wa. Na taɓa jin cewa coci ya haramta auren zumunci. Ni ɗan baffana nake aure, mahaifiyata ma ɗan kawunta ta aura. Istifanus, a littafinku yake?

Istifanus: Ba ya ciki, Hajiya. Littafin Firistoci sura 18 ta jero matan da aka hana, ba 'yar baffa ko 'yar kawu a ciki. Yakubu ma 'ya'yan kawunsa Laban ya aura, Lai'atu da Rahila. Dokar coci ce ta daga baya.

Malam Habibu: Kuma a ganina babu dokar da ta sauya fasalin iyalin Turai kamarta. Tun taron limamai na Epaone a 517 aka hana auren 'yar baffa da 'yar kawu da matar ɗan'uwa da ya mutu. Aka yi ta faɗaɗawa har zuwa ƙarni na 11 ya kai hawa bakwai: in kun haɗa kaka ɗaya a cikin hawa bakwai, ba aure. Aka ƙara da dangin miji ko mata, aka ƙara da zumuncin baftisma, wato wanda ya tsaya wa ɗanka a coci ya zama kamar jininka. A ƙauye mai gida hamsin wa ya rage? Dole ta sa aka fara zana bishiyar dangantaka a littattafan shari'ar coci, ana kiran tsofaffi su rantse su lissafa kakannin ango da amarya. A 1215, a taron Lateran na huɗu, Fafaroma Innocent na 3 ya rage zuwa hawa huɗu, wato waɗanda suka haɗa kakan kaka, ya kuma sa a riƙa shelar aure a coci tun kafin a ɗaura don mai sanin wata dangantaka ya fito ya faɗa.

Masani Jack Goody, wanda ya yi shekaru yana bincike a arewacin Gana kafin ya juya kan Turai, ya kawo wata fassara a 1983. Ya ce ka duba abin da coci ya hana: auren zumunci, auren matar ɗan'uwa, ƙwarƙwara, saki, ɗaukar ɗan riƙo ya zama magaji. Duk hanyoyi ne da gida ke bi ya samu magaji ko ya riƙe gona a cikin dangi. In an toshe su, gidaje da yawa za su ƙare ba magaji, dukiya ta tafi coci a matsayin sadaka.

Istifanus: Wannan fassarar ta Goody masana da yawa ba su yarda da ita ba, don ba a samu inda limaman suka zauna suka tsara hakan ba. Kuma a faɗi ɗaya gefen. Cocin nan ne a ƙarni na 12 ya tsaya kan cewa yardar namiji da mace ita ce aure, ba yardar iyaye ko ubangida ba. Ga yarinyar da za a bayar don haɗa gonaki biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nafisa: Su manyan sun bi dokar kuwa?

Malam Habibu: Sun mayar da ita ƙofar saki. Louis na 7 na Faransa ya zauna da Eleanor shekara 15, ta haifa masa mata biyu, ba namiji. A 1152 aka tara limamai aka lissafa kakanni aka ce ashe dangi ne, aure ya warware. Bayan mako takwas ta auri Henry, wanda ya zama sarkin Ingila, shi ma danginta ne. Mai hali kuma yakan nemi rangwame daga Roma. Gidan sarautar Habsburg sun yi ta auren juna da izini, har Carlos na 2 na Sifaniya, wanda mahaifinsa kawun mahaifiyarsa ne, ya rayu cikin ciwo ya mutu a 1700 ba ɗa ba jika. Ƙasashen Furotesta, waɗanda suka ɓalle daga cocin Katolika, sun sassauta: Sarauniya Victoria ɗan kawunta Albert ta aura a 1840. Amma zuwa lokacin talakan yammacin Turai ya yi ƙarnuka yana nemo mata daga wajen dangi, babban gida irin na gandu ya riga ya yi rauni.

Ustaz Nura: Tunda an zo Sifaniya, bari in nuna inda neman asali ya zama makami. A Andalus ta farko, mutum kan yi alfahari da kakansa Kirista. Malamin tarihi Ibnul Ƙuɗiyya na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 977, da kakarsa Sara ake kiransa, jikar Witiza sarkin Gotawa da suka mulki Sifaniya kafin zuwan Musulmi, wadda ta je har Dimashƙa ta kai ƙarar baffanta gaban Halifa Hishamu kan gonakin gado. Abdurrahman na 3, da ya ɗauki sunan halifa a 929, kakarsa ta wajen uba gimbiyar Pamplona ce, kuma Sarauniya Toda Kirista gwaggonsa ce. Ban ce zaman lafiya aka yi kullum ba, an yi yaƙi, an yi zalunci. Amma dubi abin da ya biyo baya. A 1449 birnin Toledo ya kafa dokar hana Yahudawan da suka shiga Kiristanci riƙe muƙami, su da zuri'arsu. A 1547 babban cocin Toledo ya ɗauki dokar tsarkin jini. Mai neman muƙami ko gurbin karatu sai an tura mai bincike garinsu, a tara tsofaffi a tambaye su ko an taɓa jin akwai Bayahude ko Musulmi a kakanninsa. Bayan korar Yahudawa a 1492, tsakanin 1609 da 1614 aka kori kusan mutum 300,000 jikokin Musulmi, alhali an yi musu baftisma, sunayensu na cikin kundin coci. A 2015 Sifaniya ta yi dokar ba jikokin Yahudawan da aka kora damar zama 'yan ƙasa. Jikokin Musulmi ba a sa su ba. Wannan yana yi mini ciwo har yau.

Istifanus: Ni ma ina ganin rashin adalci ne, Ustaz. Kuma tsarkin jini ya saɓa wa koyarwar baftisma kanta, shi ya sa Fafaroma Nicholas na 5 ya yi tir da dokar 1449. Teresa ta Avila, wadda Katolika ke girmamawa ƙwarai, kakanta Bayahude ne da ya tuba, kotun binciken aƙida ta hukunta shi a Toledo a 1485. Amma na yarda, a ƙarshe cocin Sifaniya ya rungumi abin.

Malam Habibu: Ya ma sake dawowa a Jamus. Daga 1933, da Hitila ya hau mulki, ma'aikacin gwamnati sai ya kawo shaidar cewa ba Bayahude a iyayensa da kakanninsa, hafsoshin SS, dakarun Hitila na musamman, kuma har zuwa kakannin 1750. Dokokin Nuremberg na 1935 da addinin kakanni huɗu suka auna wane ne Bayahude. A ina za a samu shaidar? A kundin baftisma. Limamai da magatakardan coci suka yi ta kwafe shafuka suna buga hatimi. Littafin da Malam Sagir ya kira gata, shi ne aka buɗe aka gano wanda kakarsa ta yi baftisma tana babba.

Sagir: Jikina ya yi sanyi. To su waye suka ɗora duk waɗannan kundaye a intanet? Na ga wani shafi FamilySearch, kyauta ne.

Istifanus: Na cocin Mormon ne da ke jihar Utah a Amurka. Sun kafa ƙungiyar binciken asali a 1894, suka fara ɗaukar hoton kundaye a 1938, suna ajiye su a wani rumbu da aka haƙa cikin dutse kusa da Salt Lake City. Dalilinsu ma addini ne: sun yi imani mai rai zai iya yin baftisma a madadin kakansa da ya mutu. Sauran Kiristoci ba mu yarda da wannan ba. Yahudawa sun yi ƙorafi da aka ga sunayen waɗanda Hitila ya kashe a ciki, aka yi yarjejeniya a 1995 za a cire. A 2008 Vatican, fadar Fafaroma, ta umarci limamanta su daina ba su kundaye.

Kuma tsarin kundin nan ya iso har wajenmu tare da 'yan mishan. Na ga shafin da aka rubuta baftismar kakana. Sunansa na baftisma ne a gaba, sunan da uwarsa ta raɗa masa yana gefe da ƙaramin rubutu, gurbin uba suna ɗaya tak, gurbin uwa ba komai. Sauran sai a bakin gwaggona na samu, ita ta kai ni hawa biyar.

Nafisa: Anti Zainabu, ita tsohuwar taku har ina ta kai?

Zainabu: Ta wajen mahaifinta ta shiga ƙarni na 17, su Katolika ne. Ta wajen mahaifiyarta kuwa Furotesta ne daga tsaunukan Cévennes, nan ne aikin ya yi wuya. A 1685 Louis na 14 ya soke dokar Nantes da ta ba su 'yancin addini, aka rushe majami'unsu, aka kori limamansu. Daga nan ba wani aure halattacce sai na gaban limamin Katolika. Masu tsayawa kan aƙidarsu sukan ɗaura aure a daji da dare a gaban limamin ɓoye, doka kuma ta ɗauki 'ya'yansu a matsayin waɗanda aka haifa ba aure, dangi na iya ƙwace musu gado. Wasu sukan kai jariri cocin Katolika don dole, limami ya rubuta cewa iyayen suna zaune ne ba aure. Matattunsu a gona ko a bayan gida ake binnewa. Sai a 1787 Louis na 16 ya ba su damar yin rajista, tsofaffin ma'aurata suka riƙa zuwa gaban alƙali suna bayyana auren da aka ɗaura shekaru da dama da suka wuce, suna lissafa 'ya'yansu da ranakun haihuwarsu. A irin wannan takardar ta 1788 ta samu kakanninta. A 1792 juyin juya hali ya karɓe rajistar gaba ɗaya daga coci ya ba ofishin magajin gari. Abin da ke gaban 1788 yanzu a takardun sayen gona da na wasiyya take nemansa, da kundayen Janeba inda wasu dangin suka gudu.